Devis na gyaran mota: yadda ake gane farashin gaskiya da na cuta

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa motocin hannu ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kotonu ko ta Lome. Irin wannan mota ba ta daɗewa ba ta leƙa garaji ba. Ranar da ta tsaya, mai ita kan nufi wurin wanda ya sayar masa, ko kamfanin da ke wakiltar masu ƙera ta, a miƙo masa takardar ƙiyasin kuɗin gyara, wadda aka fi sani da devis. Nan take idonsa ke sauka kan jimlar da ke ƙasan takardar, ya ce ta yi tsada ko ta yi sauƙi.

Jimlar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Devis na jika 400 na iya zama na gaskiya, na jika 60 kuma ya zama cuta, idan abin da za a canza lafiyarsa lau. Ana auna devis ne da tambayoyi uku: shin an gano ainihin abin da ya lalace, wane irin kaya za a saka, kuma nawa ne kuɗin hannu.

Abin da ya kamata a gani a takardar

Devis na ƙwarai yana ɗauke da sunan garajin da lambarsa ta haraji, wato NIF, da kwanan wata, da lambar motar, da kilomitan da ta ci. Yana kuma ɗauke da lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke rubuce a kat-giriz. Da wannan lamba ake gane kayan da suka dace da motar, domin Corolla biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a inji idan ɗaya ta fito daga Beljiyam ɗaya daga Amurka.

Kowane kaya ya zama yana da layinsa: suna, lambar kayan, adadi da farashi. Kuɗin hannu, wanda ake rubutawa main d'œuvre, shi ma ya tsaya a layinsa daban. Takardar da aka rubuta wa “gyaran inji: jika 350” kawai ba ta ba da abin da za a bincika. A nemi a warware ta, domin ba a cinikin biri a sama.

Sai batun haraji. A Nijar TVA kashi 19 cikin 100 ce. Idan an rubuta HT a gaban adadi, ba a haɗa harajin ba tukuna. Idan TTC ne, an haɗa. Gyaran jika 200 HT zai koma jika 238 a wurin biya. Kafin a gwada devis biyu, a tabbata duka HT ne ko duka TTC.

An gano cutar kuwa?

Babbar asara a gyaran mota tana zuwa ne daga canza abin da bai mutu ba. Saboda haka, kafin a yi maganar kuɗi, mai mota na da haƙƙin ya tambayi makaniki yadda ya gano matsalar.

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da na Turai masu shan esansi tun 2001 da masu shan gazuwal tun 2004, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Na'urar na fitar da lambobi, kuma ya kamata a rubuta wa mai mota su. Sai dai lambar tana nuna inda ciwon yake ne, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi. P0301, alal misali, na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Dalilin na iya zama buji, ko bobin da ke ba shi wuta, ko injekta, ko kuma raunin matsi a cikin inji. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazarar kuɗi mai yawa. Makanikin kirki kan fara da mai araha: ya musanya bobin da na wata silinda ya ga ko matsalar za ta bi shi. Haka P0420, da ke nuni ga katalizer: wani lokaci na'urar auna iskar hayaƙi ce ta gaji, ko bututun hayaƙin ne ya huje.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, motoci da yawa kan tafasa. Sau da yawa akan ce joint de culasse ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, aikin da ke buƙatar buɗe inji. Kafin a yarda, a nemi a auna matsin kowace silinda, a duba ko ruwa ya gauraya da man inji, ko kumfa na tasowa a radiyater. Murfin radiyater da ya saki, fanka da ba ta juyawa, ko radiyater da laka ta toshe, duk suna sa mota zafi, kuma gyaransu bai kai ko kusa ba.

Akwai abubuwan da ake aunawa a gaban mai mota, ba sai an yi gardama ba. Batir mai lafiya na nuna wajen volt 12,6 idan inji na kashe, sannan tsakanin 13,5 da 14,5 idan yana aiki. In bai kai haka ba inji na tafiya, a fara duba altarnater da ke cajinsa kafin a sayi sabon batir. Sabon plaket na birki na da kaurin wajen milimita 10 zuwa 12, kuma akan canza shi idan ya sauko kusan 3. Faifan birki na ɗauke da mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa. Zanen taya kada ya gaza milimita 1,6, kuma alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT na faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Sanin injin motarka ma kariya ne. Corolla masu shan esansi na wajen 2002 zuwa 2007, masu injin 1ZZ, 3ZZ ko 4ZZ, sarƙa ce ke juya cikin injinsu. Idan devis na irin wannan mota ya ƙunshi courroie de distribution, akwai abin tambaya, sai fa in bel ɗin waje ake nufi, mai juya altarnater. Amma tsofaffin Corolla masu injin 4A-FE, da Hilux mai injin gazuwal 2KD, bel suke da shi, kuma na Hilux ɗin a kilomita 150.000 ake canza shi. Haka man inji: waɗancan Corolla kusan lita 4 suke sha a juye ɗaya. Idan an rubuta lita 7, a tambayi inda sauran za su shiga.

Kaya iri huɗu, farashi huɗu

Abu ɗaya na iya samun farashi huɗu a gari ɗaya, kuma kowanne da dalilinsa.

Na farko shi ne na asali, mai zuwa cikin kwalin kamfanin da ya ƙera motar. Shi ya fi tsada. Na biyu shi ne na masana'antun da ke yi wa kamfanin kaya, amma cikin kwalinsu: Denso na yin buji da altarnater, Aisin na yin famfon ruwa da ambirayaj, KYB na yin amortisar. Ingancinsu na kusa da na asali, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi. Na uku shi ne na kwaikwayo, wanda ake kira adaptabl, akasari daga Sin ko ta hanyar Dubai. A cikinsa akwai mai kyau, akwai wanda ba ya kai damina. Na huɗu shi ne okaziyo, wanda aka kwance daga wata mota.

Babu laifi a saka kowanne, muddin an faɗa wa mai mota kuma farashin ya dace da irin kayan. Cutar ita ce a karɓi kuɗin na asali a saka na kwaikwayo. Maganinta shi ne a rubuta sunan masana'anta da lambar kayan a devis. Lambar kayan Toyota, misali, alƙaluma da haruffa goma ce, biyar da biyar. Da ita a hannu, mutum na iya tambayar shaguna biyu ko uku ya ji farashi.

Mai waya na iya duba farashin Turai a intanet, lissafin kuma ba wuya tunda darajar sefa a kan yuro ba ta motsi: yuro ɗaya sefa 655,957 ne. Kayan yuro 60 ya kama kusan jika 39. Amma wannan ma'auni ne kawai, domin sai an ɗora kuɗin sufuri, na duwan da ribar ɗan kasuwa. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da dama suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. A Maraɗi da Damagaram kuwa, inda ake sayo kaya da yawa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, farashi na bin hawa da saukar naira. Shi ya sa devis ɗin da ya yi wata uku ba lalle ya yi daidai da na yau ba.

Birki, sitiyari da taya ba wurin neman araha ba ne, domin rai ne a kansu. Amma madubi, fitila, ƙofa ko bampa, okaziyo mai kyau ya wadatar.

Kuɗin hannu

Manyan kamfanoni na lissafin kuɗin hannu da awa, bisa jadawalin lokacin da masu ƙera motar suka tsara wa kowane aiki. A tambayi awa nawa aka sa, kuma nawa ne kuɗin awa ɗaya. Garajin unguwa kuwa da baki yake yanke kuɗin aiki, ana kuma iya tayawa.

Abin lura a nan shi ne aikin da ke cikin wani aiki. Idan za a canza ambirayaj, dole a sauke akwatin giya, kuma nan wahalar take. Don haka ya fi a canza faifan, matsewar da bitensa gaba ɗaya, kuɗin hannu kuma sau ɗaya ne, ba sau uku ba. Haka nan, a injin da sai an cire bel ɗin ciki kafin a kai ga famfon ruwa, canza su tare dabara ce, amma bai kamata a biya cikakken kuɗin aiki biyu ba. A kuma tambaya ko kuɗin bincike zai shiga cikin na gyara idan an bar motar a wurin.

Devis na kamfani kusan kullum ya fi na unguwa tsada, kuma wannan kaɗai ba cuta ba ne. Kamfani na biyan haraji, albashi da kayan aiki, yana kuma ba da garanti a rubuce. Aikin kwamfutar mota, giya mai canza kanta ko jakar iska na iya cancantar wannan ƙari. Juyen mai, canza filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko plaket, makanikin unguwa da aka yarda da shi na yin su daidai.

Idan ba a daɗe da sayen motar ba

Wanda motarsa ta lalace kwanaki kaɗan bayan saye, kafin ya tambayi ko farashin ya yi, ya fara tambayar wa ya kamata ya biya. Idan an ba shi garanti a rubuce, ya duba wata nawa ne ko kilomita nawa, da abin da ya ƙunsa. Yawanci inji da giya ne, ban da kayan da ke cinyewa kamar plaket, taya da batir. Ko babu garanti, kundin Code civil ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye, wanda ya riga ciniki kuma yake hana amfani da abin da aka saya. Sai dai mai saye ne zai kawo hujja, kuma ba a son jinkiri. Saboda haka kada a bari a buɗe injin kafin wani makaniki da ba ruwansa da cinikin ya duba ya rubuta abin da ya gani. Dillalin da ya sayar da mota, shi ne kuma zai gyara ta a garajinsa, ba ya zama alƙali a kan kansa.

Lokacin da gyara bai cancanta ba

Devis na iya zama na gaskiya amma biyansa ya zama asara. A kwatanta kuɗin gyaran da abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gyara ta. Idan gyaran ya doshi rabin kuɗinta, kuma ga giya ko ƙafafu na jiran nasu, a tsaya a yi lissafi. Wani lokaci ɗora injin okaziyo ya fi buɗe tsohon sauƙi, in har mai sayarwa ya yarda da kwanakin gwaji a rubuce. A kuma nemi makaniki ya raba aikin gida uku: na gaggawa, wanda zai iya jiran wata biyu ko uku, da na kwalliya.

Kafin a ce a fara

A karɓi devis a tafi da shi, a nemi na biyu a wani garaji ba tare da an faɗi abin da na farko ya ce ba. Idan sun haɗu a kan cutar, saura gwada farashi layi da layi. Idan sun saɓa, a nemi na uku. A yi sharaɗi cewa duk abin da ya ɓullo bayan an kwance, sai an kira mai mota kafin a taɓa. A nemi ganin sabon kayan cikin kwalinsa kafin a ɗaura, a kuma karɓi tsohon da aka cire, musamman katalizer, wanda ke da kuɗi saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Idan an nemi kafin alƙalami, kada ya wuce kuɗin kaya, ragowar sai an gwada motar a kan hanya. A ƙarshe a karɓi faktir mai ɗauke da kwanan wata, kilomita da tsawon garanti, a ajiye ta tare da takardun mota: ita ce hujja idan matsalar ta dawo, kuma za ta ƙara wa motar daraja ranar da za a sayar da ita.