Ingarman Yennenga da Iyakokin da Ya Tsallake

A watan Fabrairun 1969 wasu masu sha'awar silima a Wagadugu, ƙarƙashin jagorancin Alimata Salembéré, suka shirya makon nuna finafinan Afirka. A lokacin ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, kuma akasarin abin da ake haskawa a gidajen silimarta daga Turai da Amurka da Indiya yake zuwa. Wannan ɗan taro shi ne ya girma ya zama FESPACO, bikin finafinai mafi shahara a nahiyar, wanda ake yi duk bayan shekara biyu.

A 1972 aka shigo da gasa, aka sa wa babbar kyautar sunan Ingarman Yennenga. Bisa tarihin baka, Yennenga 'yar sarki ce daga yankin Gambaga, a arewacin Ghana ta yau. Ta hau ingarma ta gudu daga gidan mahaifinta ta nausa arewa, inda ta haifi Ouédraogo, kakan sarakunan Mossi. Ke nan tun daga sunanta, kyautar tana tuna wa jama'a cewa dangantakarsu ta girmi layukan da Turawa suka shata.

Wanda ya fara ɗaukar ta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, haifaffen Yamai. Ya yi aikin soja wa Faransa a Indochina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, inda Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin "Moi, un noir". Fim ɗinsa da ya ci gasar, "Le Wazzou polygame", labarin wani alhaji ne da ya dawo daga Makka ya nemi auren ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Bayan rasuwarsa a 1981 aka sa sunansa a wata kyauta ta bikin.

Labarin 1987 ya fi kusa da mu. A shekarar Med Hondo, ɗan Mauritaniya, ya yi nasara da "Sarraounia", tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu, kusa da Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Daga littafin Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar, aka ciro labarin. An so ɗaukar fim ɗin a Nijar, shirin ya wargaje, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Haka aka yi jarumar ƙasar Hausa ta fito a majigi a jikin Aï Keïta, 'yar Burkina, a ƙasar da ba tata ba.

Sai dai bikin ma yana da nasa shingen. Ƙasashe renon Faransa ne suka mamaye gasar shekara da shekaru. Sai a 1989 Kwaw Ansah na Ghana ya ɗauki ingarman da "Heritage Africa", Nijeriya kuwa ta jira har 2007, lokacin da Newton Aduaka ya ci da "Ezra". Shinge na biyu na kayan aiki ne: babbar gasa ba ta karɓar fim sai wanda ke kan faifan silima mai milimita 35, abu mai ɗan karen tsada. Don haka finafinan Hausa da suka bunƙasa a Kano tun daga "Turmin Danya" a 1990, waɗanda ke tsallaka iyaka a kaset da faifan CD zuwa Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, ba su da ƙofar shiga, komai yawan masu kallonsu.

A 2015 aka cire wannan sharaɗi, aka fara karɓar finafinan da aka ɗauka da na'urar dijital. Tun daga nan uzurin tsadar faifai ya kau. Abin da ya rage wa masu shirya fim a Kano da Kaduna da Yamai shi ne labari mai nauyi, da fassara mai kyau a ƙasan hoto, da haƙurin aikin da zai iya tsayawa gaban alƙalai a Wagadugu. Tarihi irin na Sarauniya Mangu yana nan jibge a ƙasar Hausa, kuma wanda ya fara kai shi gasar ya ci, ba ɗan gida ba ne.