Tarihin Houston Rockets, Kulob Ɗin Da Ɗan Ikko Ya Ciyo Wa Kofi Biyu



Duk wanda ya yi wayo a 1994 ba zai manta daren 21 ga watan Yuni ba, ranar da Super Eagles suka zuba wa Bulgeriya uku da nema a birnin Dallas ta jihar Teksas, marigayi Rashidi Yekini ya shiga raga ya kama ta yana ihu. Da yawanmu a lokacin samari ne, muna jiran shagon iyayengijinmu. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, kashegari ranar 22 ga wata, a wannan jiha dai, wani haifaffen Ikko ya ɗaga kofi mafi girma na ƙwallon kwando a Amurka. Sunansa Hakeem Olajuwon, kulob ɗinsa kuwa Houston Rockets.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne gardamar da muke ji wajen yaranmu masu buga wannan wasa. Sukan ce wai Rockets sun tsinci dami ne a kala, don Michael Jordan ba ya nan. To bari mu faro daga tushe, sannan kowa ya yanke hukunci.

Ba a Houston aka haifi kulob ɗin ba. An kafa shi a 1967 a San Diego ta jihar Kalifoniya, ya shiga babbar gasar NBA. Sunan Rockets ya samo asali ne daga rokokin da ake ƙerawa a garin. Shekararsu ta farko ba daɗin ji: wasa 82 suka buga, suka ci 15, aka doke su 67. A 1971 aka sayar da kulob ɗin ga wasu attajiran Teksas, suka mai da shi Houston. Sai sunan ya dace da sabon gida, domin a nan ne hukumar binciken sararin samaniya ta NASA take da cibiyar da ta kula da tafiyar mutane zuwa wata.

Wanda ya fara fito da su kunya shi ne Moses Malone, da ya zo a 1976. Sau biyu yana zama gwarzon ɗan wasan gasa a rigarsu, 1979 da 1982. A 1981 ya kai su zagayen ƙarshe, alhali wasa 40 kawai suka ci a kakar, suka faɗi 42. Shi zagayen ƙarshe ba wasa ɗaya ba ne irin na ƙwallon ƙafa. Ana iya yin har bakwai, wanda ya riga cin huɗu shi ke da kofi. Boston Celtics ta doke su huɗu da biyu. Da Malone ya koma Philadelphia a 1982, sai kulob ya rushe, wasa 14 kacal suka ci.

A nan ne faɗuwa ta zo daidai da zama. A tsarin NBA na da, kulob ɗin da suka fi shan kashi su ke samun damar fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. A wancan zamani kwabo ake jefawa tsakanin kurar baya ta gabas da ta yamma. Rockets suka ci kwabo shekara biyu a jere. A 1983 suka ɗauki Ralph Sampson, mai tsawon ƙafa 7 da inci 4. A 1984 suka ɗauki Hakeem, suka bar Jordan, wanda Chicago Bulls ta ɗauka a matsayi na uku.

An haifi Hakeem a Ikko ranar 21 ga Janairu 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, 'yan kasuwa irinmu, siminti suke sayarwa. Gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston. Lokacin hutu yakan je wani ɗakin wasa a cikin gari ya kara da Moses Malone, wanda ya girme shi ya kuma fi shi ƙarfi. Wannan gumurzu ne ya gasa shi. Saurin ƙafar da ya koya yana gola kuwa, shi ya zama makaminsa: ya yi kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya tafi, shi kuma ya juya hagu ya jefa.

Da dogayen nan biyu, Rockets suka fitar da Los Angeles Lakers ta su Magic Johnson a 1986, huɗu da ɗaya. Amma a ƙarshe Boston ta sake tare musu hanya, huɗu da biyu. Bayan haka ciwon gwiwa ya kama Sampson, aka sallame shi a 1987. Hakeem ya rage shi kaɗai yana fama, shekara da shekaru ana fitar da su tun da wuri. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Har saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin kulob a kan kwantiragi a 1992, ya nemi a sayar da shi. Allah bai nufa ba, aka sasanta.

A waɗannan shekaru ne ya ƙara riƙo da addininsa. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. A 1992 aka ba Rudy Tomjanovich, tsohon ɗan wasansu, aikin koci. Dabararsa ita ce a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando; in mutum biyu suka taru a kansa, sai ya miƙa wa masu jifa daga nesa irin su Kenny Smith da Vernon Maxwell da Robert Horry.

Kakar 1993 zuwa 1994 suka buɗe ta da cin wasa 15 a jere, suka gama da 58. A zagayen ƙarshe suka haɗu da New York Knicks ta Patrick Ewing. Knicks na gaba uku da biyu. A wasa na shida, saura daƙiƙoƙi a tashi, John Starks ya yi jifan da in ya shiga kofi ya tafi. Hakeem ya yi tsalle ya taɓa ƙwallon, aka tashi 86 da 84. Wasa na bakwai suka ci 90 da 84. A shekarar, shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon mai tsaron baya, shi ne gwarzon zagayen ƙarshe. Kafin shi ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan a kaka guda.

Yanzu ga amsar yaranmu. Gaskiya ne a 1994 Jordan ya ajiye wasa. Amma ai ya dawo a watan Maris 1995, kuma da shi a fili Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da Chicago. Su kuwa Rockets, bayan sun ɗauko Clyde Drexler, abokin Hakeem tun jami'a, wasa 47 suka ci, suka zo na shida a yamma. Suka fitar da Utah mai nasara 60, suka fitar da Phoenix bayan tana gaba uku da ɗaya, suka fitar da San Antonio mai 62. Sannan suka sami Orlando ɗin nan da ta kori Jordan, suka yi mata huɗu ba ko ɗaya. Ba a taɓa samun kulob da ya fito daga matsayi na shida ya ci kofin ba sai su. Wannan ba tsintuwa ba ce.

Akwai kuma abin da ya kamata mu riƙe. Azumin 1995 ya kama a farkon Fabrairu. Hakeem bai ajiye azumi don wasa ba, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa na wannan wata. Ya yarda aka sa sunansa a kan takalmin wasa na wajen dala 35, lokacin da na sauran taurari ya haura dala ɗari, saboda 'ya'yan talakawa. Da ya shiga cinikin filaye da gidaje a Houston, da kuɗi hannu yake saye don gudun bashi mai ruwa.

Ya bar Rockets a 2001 zuwa Toronto ta Kanada, ya yi ritaya a 2002, kulob ya jingine rigarsa mai lamba 34. Ya tare jifa 3,830, adadi mafi yawa da aka rubuta a tarihin gasar.

Bayansa an yi manyan 'yan wasa. Yao Ming ɗan ƙasar Sin ya zo a 2002. A 2008 kulob ya ci wasa 22 a jere. James Harden ya zo a 2012. A 2018 suka ci wasa 65, amma Golden State ta fitar da su a wasa na bakwai, inda suka yi jifan nesa 27 a jere ba wanda ya shiga. Ta fuskar ciniki kuwa, Leslie Alexander ya sayi kulob ɗin dala miliyan 85 a 1993, ya sayar wa Tilman Fertitta dala biliyan 2.2 a 2017. A 2023 aka ɗauko koci Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ya taɓa buga wa Nijeriya. Duk da haka, daga 1995 har zuwa 2025 ba su sake kai zagayen ƙarshe ba. Kofin nan biyu na Hakeem su ne a gidan.

Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba, mun san abin da ake nufi da baƙunci. Wannan yaro ya sauka Houston baƙo, bai canza addini ba, bai zubar da mutunci ba, ya yi haƙurin shekara goma kafin ya ga kofi, har masu garin suka kafa abin tunawa da shi a ƙofar filin wasansu. Saboda haka iyaye, in yaronku dogo ne kuma yana son wasan nan, kada a kore shi da cewa shashanci ne. A dai tsare masa makaranta da salla. Ku kuma samari, in za ku yi gardama, ku yi ta da sanin tarihi.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.