Jan Biro a Kan Sunan Uba

Bara ne ɗan ƙanena marigayi ya same ni ido jajur, riƙe da takardar shigar mahaifinsa firamare. An soke sunan uba da jan biro, an rubuta wani a sama. Dangin yarinyar da yake nema sun ji labari, har an soma ƙus-ƙus. Shi kuwa ya karanta a intanet wai irin wannan gyara alamar ɗan gaba da fatiha ce.

A Ingila akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Tun 1837 suke rajistar haihuwa, kuma in an bar gurbin uba babu komai, galibi ba a ɗaura aure ba ne. Dokarsu ta 1926 ta ba da damar sake rajista in iyayen sun yi aure daga baya. To, amma Fakku ba Landan ba ce.

Mu wa ya yi mana rajista? Ran suna liman ya raɗa suna, aka raba goro, shi ke nan. Ba mu haɗu da takarda ba sai gaban hedimasta, wanda zai ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne. Ka taɓo, ka isa aji ɗaya. Ku tuna yawan 'yan ajinmu da aka ce duk ran 1 ga Janairu aka haife su, sai ka ce kaji! Sunan uba kuwa, na wanda ya kawo ka ake rubutawa. Wasu ma sunan garinsu aka liƙa musu, kamar Shehu Shagari da Aminu Kano. Ƙanena kawunmu ya riƙe shi tun yaye, shi ya kai shi makaranta a 1976, shekarar da aka soma ilimin firamare kyauta. Da aka zo cika fam na shiga sakandare, mahaifinmu ya taka da kansa ya sa aka gyara. Asalin jan biron ke nan.

Doka mai lamba 69 ta 1992 ce ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa, amma tsararmu da takardar rantsuwar kotu muka yi aiki, kowa da shekarun da suka yi masa daɗi. A fiƙihun Malikiyya kuwa ba biro ke tabbatar da nasaba ba: ɗan da aka haifa wata 6 ko fiye bayan ɗaurin aure na mijin ne.

Na ɗauki yaron muka tafi Fakku. Muka tarar da dattawa biyu da suka ci goron auren iyayenmu, suka kuma halarci sunan mahaifinsa. Suka maimaita a gaban waliyyin yarinyar, aka ɗaura aure bayan Babbar Salla.