Gandu, Noman Rani da Kula da Tsofaffi a Kudancin Kano

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, har shekaru da dama bayan haka, ba a san wani ma'aikaci na musamman mai duba halin tsofaffi ba a ƙasar Dawakin Kudu da maƙwabtanta, Kura da Bunkure. Gandu shi ne madogarar dattijo: 'ya'ya su yi masa noma, shi ya riƙe rumbu, ya yanka musu gayauna. In ɗa ya yi watsi da mahaifinsa, mai unguwa ko dagaci ke tsawata masa. In ya ƙi ji sai gaban alƙali, domin fiƙihun Malikiyya ya wajabta wa mai hali ciyar da iyayensa matalauta.

Kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ya kawo ruwa filayen Kadawa, noman alkama da tumatir da shinkafa ya kankama. Gona ta zama abin haya da jingina, saurayi kuma ya sami kuɗin ƙwadago ba tare da jiran uba ba. Gaskiya ne gandu ya fara rauni a ƙasar Hausa tun kafin nan, amma kuɗin rani ya ƙara masa sauri. Cutar da tsoho a irin wannan wuri ba lalle ta zo da duka ba. Takan zo ne a jinginar da gonarsa ba da saninsa ba, ko rage masa tuwo, ko jifan tsohuwa mai gigin tsufa da maita.

Ofisoshin jin daɗin jama'a kuwa sun fi ƙwarewa kan marayu da kangararrun yara da rikicin aure. Sai a 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2022 kuma kan dokar majalisar da ke tsara aikin waɗannan ma'aikata.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne gane cutar da kunya ta rufe. Dattijo bai cika ƙarar ɗansa gaban baƙo ba. Ko an tambaye shi, sai ya ce lafiya lau. Saboda haka ma'aikaci na bukatar sanin wa ke noma gonar, wa ke karɓar kuɗin hayarta. Namiji kuma iyakarsa zaure, alhali tsohuwar da ake nema tana can ƙuryar gida, inda ma'aikaciya ce kaɗai za ta iya isa.