Tarihin Wasannin Kaka a Ƙasar Kano

Shekarar manomi a ƙasar Hausa kashi huɗu ce, watau bazara, da damina, da kaka, da rani. A cikinsu duka babu wadda mutumin ƙauye ya ke marmari kamar kaka. Ta kan kama daga wajen ƙarshen watan Satumba, sa'ad da ruwa ya ke shirin ɗaukewa, har zuwa shigowar ɗari. Gero ne kan fara isa gida, sa'an nan gyaɗa da wake, dawa kuwa ta zo daga baya. In an ɗaure dammuna an cika rumbu, sai a rataye fartanya a ɗauko ganga. Lokacin nan ne a ke yawan ɗaurin aure, a biya bashi, a ɗinka sabuwar riga, a kuma yi wasanni. Bari mu bi tarihin uku daga cikinsu, dambe da kokawa da kalankuwa, mu ga inda suka fito da inda suka kwana.

Dalilin da ya sa a ke yin wasannin nan da kaka ba ɓoyayye ba ne. Da damina kowa yana gona tun asuba, hatsin bara kuma ya kusa ƙarewa, babu mai iya saukar da baƙo. Wasa kuwa ba ya yiwuwa sai da baƙi. Dole a ciyar da samarin ƙauyukan da a ka gayyato, dole a sallami makaɗa, sallamarsu kuwa a da sau da yawa damin gero ne ko na dawa. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Sabo da haka shekarar da a ka yi albarka wasa ya kan yi armashi, shekarar fari kuwa dandali ya kan yi tsit.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne. Da kaka a ke samun yanka da yawa sabo da bukukuwa, sai mahauta su riƙa bin ƙauyuka da makaɗansu na kalangu, su yi fawa da rana, da yamma su kafa fage. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare ya yi tauri, da shi ya ke kai naushi, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba yana kariya. Turmi uku a kan yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi.

Wasan nan ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1824 wani matafiyi daga Ingila, Kyaftin Clapperton, ya sauka a birnin Kano. Da ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya aika da alkawarin wuri 2,000 domin su zo su yi a ƙofar masaukinsa. Ya rubuta cewa sun zo da makaɗa, mahautan gari kuma sun rako su, kasuwa ta watse, 'yan mata suka ajiye tuluna suka zo kallo. Ya kuma hana a yi da gaske, don an gaya masa a kan rasa rai a fagen. Wannan ya nuna mana cewa shekara 200 da suka wuce dambe ya riga ya kafu, kuma a hannun mahauta ya ke.

Kokawa kuwa ta manoma ce. Saurayin da ya sha noma da damina, ya ƙoshi da sabon gero, ƙarfinsa na neman inda zai gwada shi. Sai wannan ƙauye ya gayyaci wancan, a haɗu a fili mai rairayi, kowane gari da gwaninsa. Wanda ya yi kaye sunan garinsu duka ya ɗaga, ba nasa kaɗai ba.

Kalankuwa ita ce ta fi su duka ban sha'awa, domin ba ta bukatar gwani. Samari da 'yan mata na ƙauye su ne ke shirya ta, da iznin mai gari. Su kan naɗa wa kansu sarki, da waziri, da alƙali, da dogarai, 'yan mata su ma da shugabarsu. A tara hatsi da kuɗi, a yi girki, a kira makaɗa, a kwana biyu ko uku a na shagali. A cikin kwanakin nan sarkin samari ya kan zauna fadanci, a kawo masa ƙara, alƙalinsa ya yanke hukunci, wanda ya yi laifi a ci shi tara. Manya na gefe suna dariya, amma suna lura. A nan a ke gane yaron da ya iya magana a gaban jama'a, da wanda za a iya ba amanar kuɗi, da wanda sarautar wasa ma ta kan sa shi girman kai.

Da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, ba a daɗe ba sai ga su sun shigo kalankuwa. Samari suka ƙara muƙamai irin su Gwamna, da Razdan, da Di'o, da Likita. Wani ya shafa farar ƙasa a fuska, ya sa gajeren wando, ya riƙa yin Hausa a karkace, jama'a na ta shewa. Mai mulkin da ba a iya ɗaga ido a dube shi a fada, ga shi a na yi masa dariya a dandali.

Zuwan jirgin ƙasa ma ya taɓa wasannin kaka. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomin da a da sai dai hatsi, yanzu ga shi da tsabar kuɗi a hannu daidai lokacin kaka. Da su ya ke biyan haraji, abin da ya saura ya yi aure ko ya yi kyauta a fage. Makaɗa suka samu, har wasunsu suka yi suna a ƙasa duka, kamar Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya yi wa Shago da Ɗandunawa waƙa, rediyo kuma ta kai muryarsa ko'ina.

Sa'an nan al'amura suka juya. Fari mai tsanani ya auku a 1973, cuta kuma ta lalata gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Kuɗin man fetur ya ja samari zuwa birane, har ya zama da an kai amfani gida sai saurayi ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani. Malamai kuma suka yi ta wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata da dare. Daga 1990 ga fina-finan Hausa sun fito a Kano, wanda ya ke son ganin kwaikwayo ya samu a ɗaki.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dambe ya koma birni, ya shiga gida mai katanga inda a ke biyan kuɗin ƙofa, a na yinsa rani da damina, 'yan wasa sun rabu ɓangarori kamar Kudu da Arewa da Guramada, ba kuma lalle sai ɗan mahauta ba. Kokawa ta sami gata wajen 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, inda gwamnati ta kafa gasar ƙasa, a ka yi ta farko a Tawa a 1975, wanda ya kada kowa a ba shi takobi. Duka biyun sun rayu, amma sun rabu da kaka, sun zama sana'ar gwanaye, sauran jama'a 'yan kallo.

Kalankuwa ce ba ta sami gidan da za ta koma ba, domin ba abin sayarwa ba ce. A ƙauyuka da yawa yau sai dai tsofaffi su ba da labarinta. Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce, gama ita ce wurin da yaron ƙauye ya ke koyon shugabanci da riƙon amana tun kuskurensa bai zama abin kuka ba. Ba ta neman filin wasa na gwamnati ko kuɗi masu yawa. Dandali ne, da makaɗi, da 'yan dammunan hatsi, da yardar dattawa. Abin da a ka ga bai dace da addini ko mutunci ba, a na iya gyara shi, a yi wasan da rana a gaban iyaye. Garin da har yanzu ya ke da tsofaffin da suka taɓa riƙe sarautar samari, to, yana da masu nuna masa yadda a ke yi, in ya tambaye su tun suna raye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.