Sirrin Lambobi da Masu Neman Dukiyar Ƙasa: Darasi daga Takardun Beale



Babu wanda ya tashi a ƙasar Katsina ta kudu, tun daga Yankara har Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da bai taɓa jin labarin dukiyar da mutanen dā suka binne a kufai ko a gindin dutse ba, wadda aka ce sai mai sirri ke iya gano ta. Wannan zance ya daɗe, kuma ba mu kaɗai ke yin sa ba. Tun a shekarar 1377 Ibn Khaldun ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa a kan waɗansu mutane na Magrib masu yawo da takardu masu cinyayyen gefe da baƙon rubutu, suna kai wa mawadata, suna cewa kwatancen taska ne, a ba su kuɗin haƙa. Hukuncinsa kuwa shi ne, wannan ba hanyar neman abinci ba ce.

Misalin da ya fi shahara a zamanin boko daga Amurka ya fito. A shekarar 1885 wani mai suna James B. Ward ya buga ɗan littafi a garin Lynchburg na jihar Bajiniya, yana sayar da shi santi 50. Littafin ya ce wani Thomas Beale da abokan tafiyarsa, su talatin, sun haƙo zinariya da azurfa a yammacin ƙasar, suka binne su a gundumar Bedford a 1819 da 1821. Wai a 1822 Beale ya bar wa mai masauki, Robert Morriss, akwati amana, ya tafi bai sake komowa ba. Da aka fasa akwatin a 1845 sai aka tarar da takardu uku cike da lambobi.

Marubucin littafin, wanda ya ɓoye sunansa, ya ce ya warware takarda ta biyu da Sanarwar 'Yancin Kan Amurka ta 1776. Watau a bi kalmomin sanarwar a ba kowace lamba, sa'an nan kowace lamba ta cikin takardar ta tsaya a madadin harafin farko na kalmarta. Da haka aka karanta cewa akwai zinariya laba 2,921 da azurfa laba 5,100. Amma takarda ta farko, mai faɗin wurin, da ta uku, mai sunayen magada, har yau ba wanda ya buɗe su.

A nan ne 'yan sa-kai suka shigo. Waɗansu 'yan'uwa biyu, George da Clayton Hart, sun fara tun ƙarshen ƙarni na 19, suka gwada littafi bayan littafi, har suka nemi taimakon mai duba, suka fasa ƙasa da nakiya, ba su sami kome ba. A 1969 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiya tasu. A 1983 aka kama wata mata tana tonon maƙabarta a yankin. Mutane da dama sun fito sun ce sun gano saƙon, amma in an duba sai a ga sun ɗauki harafi nan, sun tsallake can, sun gyara lambar da ta ƙi bin ra'ayinsu. Mai son ganin ɓawon gyaɗa ya zama jirgi ba ya rasa dalili.

Masana kuwa wata hanya suka bi. A 1980 James Gillogly ya gwada mabuɗin takarda ta biyu a kan ta farko, sai ga haruffa sun jeru kusan bisa tsarin abacada, alamar da ke nuna wani ne ya zauna yana tsinto lambobi ba tare da saƙo ba. A 1982 Joe Nickell ya nuna cewa a wasiƙun da aka danganta wa Beale akwai kalmomin da ba a san su a rubuce ba a 1822, kuma salonsu ya yi kama da na marubucin littafin. Har wa yau, lambobi 618 na takarda ta uku sun yi kaɗan su ɗauki sunaye da mazaunan magadan mutum talatin.

To, mu ma muna da ilmin haruffa da lambobi, kuma a cikinsa akwai ma'aunin da ke raba gaskiya da ruɗi. Malamanmu kan rufe waƙa da ramzi, watau kalmar da ke ɗauke da shekarar da aka rubuta ta. A hisabin Magrib shinun 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In an haɗa sai a sami 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, daidai da 1804. Haka Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan tsara hatimi, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. Ko almajiri a Faskari ya lissafa, ko shaihi a Azhar, amsar ba ta sākewa. Mabuɗin gaskiya ke nan: ƙa'ida ɗaya, ta buɗe rubutun duka, kowa ya gwada ya sami abu guda. Duk fassarar da sai mai ita kaɗai ke iya fitar da ita, daga zuciyarsa ta fito.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu, haƙan da kwaɗayi ke sawa ɓarna yake yi. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da wawaso ke neman ƙararwa. Kusheyin Durɓi ta Kusheyi, waɗanda aka tona a 1907 aka kuma sake bincika a 1992, sun ba mu labarin sarauta da fatauci domin an rubuta inda kowane abu ya kwanta. Tukunyar da aka fasa da dare ana neman zinariya ba ta sake gaya wa kowa kome.

Saboda haka, in aka kawo muku takarda aka ce taswirar dukiya ce, ku tambayi mabuɗinta, ku ba wani ya gwada, kafin a taɓa ƙasa da diga.