Zangon Kwatano: Tsakanin Mai Addini da Mai Tsoron Allah

A bakin Bahaushe akwai yabo iri biyu masu kama da juna, waɗanda ya kamata ɗalibin harshe ya iya rarrabewa. In aka ce wane mai addini ne, ana nufin ba ya rasa jam'i, ana ganinsa a sahun gaba, kuma yana da hannu a hidimar masallaci. In kuwa aka ce wane mai tsoron Allah ne, ana nufin za a iya ba shi ajiya ba shaida ba takarda, a yi tafiyar shekara, a dawo a tarar da ita yadda aka bar ta. Sau da yawa siffofin biyu kan haɗu ga mutum guda, kuma haka ake so. Amma tun da harshe ya tanadi lafazi biyu, alama ce ta cewa masu shi sun sha ganin inda suka rabu. Tarihin zangunan Hausawa na ƙasashen kurmi da bakin teku yana nuna haɗuwarsu da rabuwarsu a fili, kuma unguwar Zango ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, ɗaya ce daga cikin zangunan nan.

Asalin ma'anar zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, shi ya sa ake cewa an ya da zango. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja don saro goro a kasuwar Salaga. Hanyar ta ratsa ƙasar Bargu, ta bi ta garuruwa irin su Nikki da Djougou, waɗanda suke arewacin Benin ta yau. Kowane babban ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, sannan da malami mai jan salla da rubuta wasiƙu da roƙon sa'ar hanya. Inda ayari ya saba sauka, wasu kan zauna su zama masu masauki, har wurin kwana ɗaya ya zama unguwa. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai harkar fatauci ta yi ta karkata zuwa garuruwan bakin teku.

Kwatano ƙaramin wuri ne a lokacin, ƙarƙashin sarakunan Dahome. Faransa ta kafa hujjar mallakarsa da yarjejeniyoyin 1868 da 1878, a zamanin Sarki Glele, sannan ta yaƙi ɗansa Behanzin har ƙasar ta shiga hannunta a 1894. Turawa suka gina gadar ƙarfe ta sauke kayan jiragen ruwa, suka shimfiɗa hanyar dogo wadda ta isa Parakou a shekarun 1930, ta haɗa tsohuwar hanyar fatake da teku. Da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, birnin ya zama ƙofar da kayan Nijar suke shiga da fita. Unguwar Zango tana kusa da wannan tasha, inda Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da Fulani da Yarabawa suke cuɗanya, kuma babban masallacinta yana cikin sanannun masallatan birnin.

Don a gane matsayin masallaci a irin wannan unguwa, sai a dubi halin baƙon da ya sauka a garin da ba ya jin harshensa, ba shi da dangi a cikinsa, kuma alƙalinsa ba ya hukunci da shari'ar da ya sani. Cinikin shanu da goro ciniki ne na bashi. Falke yakan damƙa kayansa ga maigida, maigida ya sa dillali ya sayar, kuɗi su fito bayan makonni. Abin da yake riƙe da wannan sarƙa shi ne amana, amana kuwa tana bukatar wurin da ake ganin juna kullum. A masallaci baƙo yake fara gabatar da kansa. Nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da sallar gawa, nan ake rabon gado da sasanta masu bashi, a gaban liman da sarkin zango da dattawa. Wanda aka daina gani a sahu, ba da jimawa ba za a daina ba shi kaya. Ke nan mutumin zango yana da ƙwaƙƙwaran dalili na lizimtar jam'i ko da zuciyarsa tana kasuwa. Wannan bai mai da masu salla munafukai ba, sai dai yana nufin cikar sahu ba ta isa ta zama ma'aunin abin da yake cikin zukata ba.

Misalin da aka fi bin diddiginsa a rubuce yana gabas da Kwatano, a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a kanta a 1969. Ya nuna cewa muddin Turawa suna mulki ta hannun sarakuna, ikon Sarkin Sabo ya isa ya kare unguwar da cinikinta. Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, wannan iko ya raunana, ga kuma Yarabawa da yawa Musulmi ne, addini bai ƙara bambanta Bahaushe da mai gari ba. A daidai wannan lokaci, farkon shekarun 1950, mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya tururuwa, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin Ibadan, suka tsai da Juma'arsu a cikin unguwa. A fahimtar Cohen, sabon tsarin ya sake ɗaure unguwar a hannun liman da muƙaddamai da masu gidaje, ya kuma tsare mata kasuwar shanu da goro.

Sai dai wannan bayani rabin labari ne. Tijjaniyyar da ta bazu a ƙasar Hausa a shekarun nan ita ce ta Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975, kuma ginshiƙin koyarwarsa shi ne tarbiyya, wato horon ruhi da zikiri har almajiri ya kai ga ma'arifa, sanin Allah na ɗanɗano wanda ya wuce na karatu. Saboda haka a da'irar wazifa guda ana iya samun wanda ya zo don kada a rasa shi, da wanda ya zo don ƙishirwar Ubangijinsa, gwiwa da gwiwa, lafazinsu ɗaya. Mai bincike yana iya ƙirga su duka biyu, amma ba shi da hanyar da zai raba su.

Hukuma ma tsari kaɗai take gani, kuma tarihin Benin ya nuna haka. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ya shelanta aƙidar Markisanci a 1974, gwamnatinsa ta karɓe makarantun mishan, ta kuma matsa wa masu addinin gargajiya da sunan yaƙi da maita. Bayan babban taron ƙasa na 1990, sabon tsarin mulki ya tabbatar da 'yancin addini, ƙungiyoyi da makarantu da masallatai suka yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 2013 ta ce Musulmi kashi 27.7 ne cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A farkon 2017 kuma aka yi ka-ce-na-ce a Kwatano da hukuma ta hana tare tituna don ibada, abin da ya shafi sahun Juma'a da kan malalo waje, har Shugaba Patrice Talon ya gana da shugabannin Musulmi. Duk waɗannan al'amura ne masu nauyi, domin jama'ar da ba ta da wurin taruwa ko bakin da zai yi magana da sunanta tana cikin haɗari. Amma dukkansu a kan fili da lissafi da wakilci suke. Ba takardar ƙidaya da take da gurbin tsoron Allah.

Ba masu bincike na waje ne suka fara lura da wannan rata ba. Malaman da zanguna suka gaji karatunsu sun riga kowa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga wasu ɗaliban ilimin tauhidi da suke kafirta talakawa saboda ba su iya jero hujjojin aƙida yadda suke cikin littattafai ba. A wurinsa imanin manomi da makiyayi ingantacce ne ko da ba su san lafuzzan malamai ba. Ƙaninsa Abdullahi kuwa ya ga matsalar ta ɗaya fuskar. Yana cikin manyan kwamandojin jihadin da ya fara da hijira zuwa Gudu a 1804, amma wajen 1807, tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya a littafinsa Tazyinul Waraƙati, shi ne ya ga da yawa daga cikin mutanen jama'a hankalinsu ya koma kan sarauta da dukiya da dawaki da tufafi, sun bar abin da aka fito dominsa. Tuta tana cin nasara, amma shi yana ganin an yi asarar niyya.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci. Da Abdullahi ya iso Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma wurin Shehu, daga baya ya riƙe yammacin daular daga Gwandu. Mutumin da ya guje wa tsari don Allah, shi ne ya dawo ya rubuta wa tsarin ƙa'idoji. Ya gane cewa jama'a ba ta tsayuwa ba liman ba alƙali, ya kuma gane cewa liman da alƙali ba su ne abin nufi ba.

Harshen Hausa ya adana wannan fahimta a kalmominsa na yau da kullum. Akwai riya, daga Larabci, da takwararta ta gida, ganin ido, wato aikin da ake yi don mutane su shaida. Kishiyarsu ita ce ihlasi ko tsarkin zuciya, da kuma cewa an yi abu tsakani da Allah. Ana kiran mutumin da ba ya cutar kowa bawan Allah, ba tare da an tambayi ɗariƙarsa ko ƙungiyarsa ba. Malamai kuma kan jera matakai uku, Musulunci da imani da ihsani: na farko gaɓoɓi ne suke nuna shi, na biyu yana cikin zuciya, na uku shi ne bautar wanda ya san ana kallonsa ko da ba kowa a wurin. Na farkon ne kaɗai maƙwabci zai iya ba da shaida a kansa.

Masu wa'azi kan ce duniya zango ce, kuma falke ya fi kowa sanin ma'anar hakan. Ya san darajar zango, don nan ne ruwa da wuta da tsaro daga ɓarayi suke, wanda ya raina shi kuwa zai kwana a daji. Ya kuma san cewa ba don zango aka ɗaura kaya ba. Mutanen da suka kafa unguwanni irin ta Kwatano sun gina masallatai don su riƙe juna a baƙon wuri, kuma masallatan sun riƙe su fiye da ƙarni guda. Wanda ya shiga don jama'a da wanda ya shiga don Allah ƙofa ɗaya suke bi, kuma al'adar da ta rene su ta bar hukuncin rarrabe su ga Masanin abin da zukata suka ɓoye.